Rabe-Raben Sankarar Mama da Tasirinsu a Kan Magani: Waiwaye a Kan Binciken Kimiyya na Zamani

Tsakure

Sankarar mama, wadda aka fi sani da ciwon dajin nono, ita ce sankarar da ta fi kama mata a duniya. Wannan maƙala ta waiwayi muhimman nazarce-nazarcen da aka gudanar a kan cutar ta fuskoki uku: yanayin halittarta, abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita, da hanyoyin magance ta. Maƙalar ta nuna cewa abin da ake kira da suna guda, a haƙiƙa rukuni ne na cututtuka mabambanta, kuma kowace da maganin da take ji. Daga nan ta dubi abin da bincike ya gano a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, ta kuma ƙarƙare da cewa zuwa asibiti da wuri da tantance nau'in cutar a ɗakin gwaji su ne ginshiƙan da sauran magani ke tsayawa a kansu.

Fitilun Kalmomi: Sankara, Mama, Homon, Ƙwayoyin Gado, Magani

1.0 Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma kimanin 670,000 sun rasu ta dalilinta. A Nijeriya kaɗai, ƙiyasin Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa ya nuna an samu sababbin masu cutar sama da 32,000 a wannan shekara, tare da mace-mace sama da 16,000. Ke nan, a duk sababbin kamu biyu da aka lissafa, an lissafa mutuwa ɗaya. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna nan da ransu shekara biyar bayan an gano ta.

Wannan tazara ita ce ta sa ya dace a tambaya: me masana suka gano game da cutar da ya sa ta zama abin da ake warkewa a wasu wurare, kuma wane ɓangare na wannan ilimi ne bai isa ga marasa lafiya a Afirka ta Yamma ba? Amsa waɗannan tambayoyi ita ce manufar maƙalar.

2.0 Yadda Sankara Ke Tsira a Mama

Mama ya ƙunshi ƙananan jakunkuna masu samar da ruwan nono, da siraran bututun da ke kai ruwan zuwa kan mama, sai kitse da jijiyoyi da ke kewaye da su. Kamar sauran sassan jiki, an gina waɗannan da ƙwayoyin halitta, waɗanda ke rarrabuwa su hayayyafa, su tsufa, su mutu bisa tsari. Umarnin wannan tsari yana rubuce a cikin ƙwayoyin gado da kowace ƙwayar halitta ke ɗauke da su. Idan kurakurai suka taru a cikin wannan umarni, ƙwayar halitta takan daina jin tsawatarwa, ta ci gaba da hayayyafa babu ƙaƙƙautawa har ta zama ƙari.

Mafi yawan sankarar mama tana farawa ne daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bututun nono, kaɗan kuma daga jakunkunan. Muddin ƙarin bai fasa bangon bututun ba, ba ya barazana ga rai. Da zarar ya fasa, yakan bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar hammata, daga nan kuma ya iya kaiwa ga ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Bisa girman ƙarin da nisan yaɗuwarsa ne likitoci ke kasa cutar zuwa mataki na 1 har zuwa na 4. A mataki na 1 da na 2 damar warkewa tana da yawa ƙwarai. A mataki na 4 kuwa, burin magani yakan koma ga tsawaita rai da rage raɗaɗi.

3.0 Rabe-Raben Sankarar Mama

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Mata biyu za su iya zuwa da ƙullutu mai girma ɗaya, a mataki ɗaya, a ba su magani iri ɗaya, ɗaya ta warke ɗaya kuma cutar ta ci gaba. An daɗe ana ganin haka kafin a fahimci dalili. A shekarar 2000, Charles Perou da Therese Sørlie da abokan aikinsu suka auna aikin dubban ƙwayoyin gado a cikin samfuran sankarar mama, suka nuna cewa samfuran suna rabuwa zuwa rukunai masu halayya daban-daban. A 2012, wani nazarin haɗin gwiwa tsakanin Birtaniya da Kanada mai suna METABRIC, wanda ya duba samfura kimanin 2,000, ya ƙara faɗaɗa rukunan zuwa goma. A asibiti dai, ana amfani da rabo uku da gwajin nama ke iya nunawa.

3.1 Nau'i Mai Rayuwa da Homon

A 1896, wani likitan tiyata a birnin Gilasgo mai suna George Beatson ya ba da rahoton cewa ya cire ma'ajiyar ƙwai ta wata mace mai sankarar mama da ta yi nisa, sai ƙarin ya motse. Ba a san dalili ba a lokacin. Daga baya aka gano cewa ma'ajiyar ƙwai tana samar da sinadarin homon da ake kira istirojin, kuma a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya gano cewa wasu ƙwayoyin halitta suna da makarɓin da istirojin ke shiga, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗo. Idan ƙwayar sankara tana da wannan makarɓi, to istirojin ne abincinta.

A ƙasashen Turai da Amurka, kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sankarar mama wannan nau'i ne. Ƙwayar tamoksifen, wadda aka fara amfani da ita a shekarun 1970, tana toshe makarɓin. Tattara sakamakon gwaje-gwaje da masana na Jami'ar Okisfod suka wallafa a 2011 ya nuna cewa shan tamoksifen na shekara biyar yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi ɗaya bisa uku a tsawon shekara 15. Nazarin ya kuma nuna cewa ƙwayar ba ta da wani amfani a zo a gani ga wadda sankararta ba ta da makarɓin. Ga matan da suka daina al'ada akwai wasu ƙwayoyin, irin su letirozol da anastirozol, masu hana jiki sarrafa istirojin. Babban halin wannan nau'i shi ne tafiyar hawainiya, amma yana iya dawowa ko bayan shekara 20, shi ya sa ake tsawaita shan maganinsa daga shekara biyar zuwa goma ga wasu mata.

3.2 Nau'i Mai Yawan HER2

A 1987, Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya nuna cewa wasu nau'o'in sankarar mama suna da kwafi masu yawa na wata ƙwayar gado mai suna HER2, wadda ke tura saƙon girma, kuma masu irin wannan sun fi saurin rasuwa. Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar suna cikin wannan rukuni. An haɗa maganin tirastuzumab, wanda ake sayarwa da sunan Herceptin, domin ya kama furotin ɗin HER2 kai tsaye, kuma aka amince da shi a Amurka a 1998. Manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2005 sun nuna cewa haɗa shi da kemoterafi bayan tiyata yana rage dawowar cutar da kusan rabi. Ta haka nau'in da a da ake yi wa kallon ɗaya daga cikin mafi muni ya koma cikin waɗanda suka fi jin magani, ga wanda ya samu maganin.

3.3 Nau'i Mai Rashin Alamu Uku

Nau'i na uku shi ne wanda gwaji ya nuna ba shi da makarɓin istirojin, ba shi da na homon ɗin furojestaron, ba shi kuma da yawan HER2. A ƙasashen Yamma ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Yana da saurin girma, ya fi yawa a tsakanin mata masu ƙarancin shekaru da mata baƙar fata, kuma tamoksifen da Herceptin duk ba sa yi masa aiki. Shekaru da dama kemoterafi kaɗai ake da shi domin yaƙarsa.

4.0 Abubuwan da Ke Ƙara Haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan rabin masu sankarar mama ba su da wani sanannen dalili face kasancewarsu mata da kuma shekaru. Maza ma suna kamuwa, sai dai ba su wuce kashi ɗaya cikin 100 na masu cutar ba. Duk da haka, bincike ya tabbatar da wasu abubuwa da ke ƙara ko rage haɗari.

Na farko shi ne gado. A 1990, Mary-Claire King ta nuna cewa akwai ƙwayar gado da ke yawo a wasu zuri'o'i masu yawan sankarar mama. An tantance ta a 1994 aka sa mata suna BRCA1, aka kuma gano ta biyu, BRCA2, a 1995. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne gyara karayar da ke samun kundin gado. Macen da ta gaji lalatacciya daga uwa ko daga uba tana da haɗarin kamuwa da ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 kafin ta kai shekara 80. Sai dai gado bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukkan masu cutar ba a yawancin al'ummomin da aka nazarta.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da mama ya yi yana hulɗa da homon. Fara al'ada da wuri, jinkirin daina ta, rashin haihuwa ko jinkirta haihuwar fari, duk suna ɗan ƙara haɗari. Wani nazari da aka wallafa a 2002, wanda ya tattara bincike 47 daga ƙasashe 30, ya gano cewa kowace haihuwa tana rage haɗarin da kimanin kashi 7 cikin 100, kowane wata 12 na shayarwa kuma yana rage shi da kashi 4.3. Wannan ya nuna cewa al'adar doguwar shayarwa da aka sani a ƙasar Hausa tana da fa'ida, ko da yake kariyar da take bayarwa ragi ce kawai. Mace mai 'ya'ya goma ma tana iya kamuwa.

Na uku ya shafi yanayin rayuwa. Ƙiba bayan daina al'ada, rashin motsa jiki da shan barasa duk an tabbatar suna ƙara haɗari. Haka kuma, wani babban gwaji da aka yi a Amurka ya nuna a 2002 cewa haɗakar homon da ake ba mata domin rage wahalhalun daina al'ada tana ƙara yawan kamuwa.

5.0 Sauye-Sauye a Hanyoyin Magani

Binciken zamani ya bi hanyoyi biyu: rage magani ga wadda ba ta buƙatar mai yawa, da ƙirƙiro sabo ga wadda tsohon bai wadatar ba.

5.1 Rage Nauyin Magani

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, tiyatar da William Halsted ya yaɗa ita ce aka daɗe ana yi a da, wato cire mama gaba ɗaya tare da naman ƙirji da kaluluwar hammata. Gwaje-gwajen Umberto Veronesi a birnin Milan na Italiya da na Bernard Fisher a Amurka, waɗanda aka wallafa a 1981 da 1985, sun nuna cewa idan ƙarin ƙarami ne, cire shi kaɗai sannan a gasa wurin da haske mai ƙarfi na na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire maman duka. Ke nan zuwa da wuri yana iya ceton rai ya kuma ceci maman.

Shi ma gashin hasken an taƙaita shi. Gwajin FAST-Forward na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa zama biyar a cikin mako ɗaya yana aiki kamar zama 15 a cikin mako uku. Wannan sakamako yana da muhimmanci ga ƙasashen da na'urorin gashi ba su da yawa, inda maras lafiya kan yi tafiya mai nisa ta kuma jira layi. Haka kuma gwajin TAILORx na 2018, mai mata sama da 10,000, ya yi amfani da awon ƙwayoyin gado 21 da ake kira Oncotype DX, ya nuna cewa mafi yawan mata masu nau'in homon da bai kai hammata ba za su iya wadatuwa da ƙwayoyin homon ba tare da kemoterafi ba.

5.2 Sababbin Magunguna

Ga nau'in homon da ya yaɗu, an samu ƙwayoyi masu taka wa rarrabuwar ƙwayar halitta birki. Ta farkonsu, Ibrance, an amince da ita a 2015. Ga masu lalatacciyar BRCA, an gano a 2005 cewa ƙwayar sankarar da ta rasa hanyar gyara guda ta dogara ne kacokan a kan wata hanyar. Idan aka toshe ta biyun, sai ta mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuma su tsira. A kan wannan hikima aka gina maganin olafarib, wanda gwajin OlympiA ya nuna a 2021 yana rage dawowar cutar bayan tiyata.

Ga nau'i mai rashin alamu uku, gwajin KEYNOTE-522 ya haɗa kemoterafi da Keytruda, maganin da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayin da sankara ta sa mata. A sakamakon da aka wallafa a 2020, ƙarin ya ɓace ƙurmus kafin tiyata ga kashi 64.8 cikin 100 na waɗanda suka samu haɗin, idan aka kwatanta da kashi 51.2 na waɗanda suka samu kemoterafi kaɗai. Sannan akwai Enhertu, wanda ke ɗaure guba a jikin tirastuzumab domin ya kai ta har cikin ƙwayar sankara. A gwajin da aka wallafa a 2022, ya tsawaita matsakaicin rai daga wata 16.8 zuwa 23.4 ga mata masu cutar da ta yaɗu waɗanda ke da HER2 ɗan kaɗan, rukunin da a da ake lissafa shi cikin marasa HER2. Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan magunguna da ake bayarwa sai da sakamakon gwajin nama ko na gado.

6.0 Abin da Bincike Ya Gano a Afirka

Wani nazari da ya tattara rahotanni daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wanda aka wallafa a 2016, ya gano cewa kimanin kashi 77 cikin 100 na mata baƙar fata suna zuwa asibiti ne a mataki na 3 ko na 4. Nazarin ABC-DO, wanda ya bi mata sama da 2,000 a Namibiya, Nijeriya, Afirka ta Kudu, Uganda da Zambiya, ya nuna a 2020 cewa rabinsu ne kawai ke raye bayan shekara uku. A Nijeriya adadin ya sauka zuwa kashi 36, alhali a tsakanin fararen fatar Namibiya ya kai kashi 90. Zuwa a makare da rashin kammala magani suna cikin manyan dalilan da nazarin ya ambata. A ƙasar Hausa, maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, haɗe da kunya, tsoron yanke mama da tsadar magani, suna cikin abubuwan da ke sa a kwana ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har ƙarin ya fashe.

Ta fuskar gado, binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan suka fara a 1998 ya ba da sakamako mai ɗaukar hankali. A rahotonsu na 2018, daga cikin mata 1,136 masu cutar, kashi 14.7 cikin 100 suna ɗauke da lalatacciyar ƙwayar gado. Kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 kuma a BRCA2. Wannan ya zarce abin da aka saba gani a Turai, kuma yana nuna cewa tambayar tarihin dangi, na wajen uwa da na wajen uba, tana da nauyi a nan.

Ta fuskar nau'i kuwa, sakamakon ya sha bamban. Wani nazari na 2009 a kan samfura daga Nijeriya da Sanagal ya samu mafi yawansu ba su da makarɓin istirojin, yayin da wani da aka yi a Ibadan a 2008 ya samu kusan kashi biyu bisa uku suna da shi. Masana sun danganta wani ɓangare na wannan saɓani da yadda ake adana nama. Ƙa'ida ita ce a tsoma naman da aka cire cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya ta wuce, ya kuma zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan aka yi sakaci, makarɓin yakan lalace, gwaji ya nuna babu shi alhali akwai. Sakamakon wannan kuskure shi ne a hana mace tamoksifen, magani mai araha da zai iya ceton ranta. A ɗaya gefen kuma, inda babu gwajin sam, ana iya ba da shi ga wadda ba zai amfana ba, a ɓata mata lokaci.

Game da gano cutar da wuri, hoton mamogiram na yau da kullum yana buƙatar na'urori da ƙwararru masu yawa. Sai dai wani gwaji da Asibitin Tata ya gudanar a birnin Mumbai na Indiya, mai mata sama da 150,000 a tsawon shekara 20, ya nuna a 2021 cewa duba mama da hannu da ma'aikatan lafiya mata da aka horar suka riƙa yi ya sa ana gano cutar a matakin farko-farko, ya kuma rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin mata 'yan shekara 50 zuwa sama. Wannan hanya ce da asibitocin shan-magani na ƙauyuka za su iya ɗauka.

7.0 Kammalawa

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da sankarar mama mai manufofi uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na 1 ko na 2, a kammala tantancewa cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 su kammala maganinsu. Bayanan da suka gabata sun nuna hikimar wannan jeri. Sababbin magunguna suna da tsada, amma duba mama, ɗibar nama domin gwaji, adana shi bisa ƙa'ida da ƙwayoyin homon duk abubuwa ne da ba su fi ƙarfin tsarin lafiya mai matsakaicin hali ba.

Binciken Ibadan ya ta'allaƙa ne galibi a kan matan kudu maso yammacin Nijeriya, ɓangaren Nijeriya na ABC-DO kuma an yi shi a Aba da Owerri. Saboda haka ya dace asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, da cibiyar yaƙi da sankara ta birnin Yamai, su faɗaɗa irin wannan aiki ga matan yankunansu. Masana harshen Hausa su ma suna da rawar takawa, domin macen da ba a yi mata bayanin nau'in cutarta da harshen da take ji ba, da wuya ta jure shan ƙwaya ta shekara biyar bayan ƙullutun ya tafi. Samar da daidaitattun kalmomi na homon, makarɓi, mataki da ƙwayar gado, tare da isar da su ga ungozomomi, ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo, ɓangare ne na maganin kansa.